Farantan da Suka Kalli Alƙibla

Da muka koma gidanmu na unguwar Umbadda, a ƙasar da ke kudu da Masar, bayan yaƙi ya lafa, mun tarar da bango da rufi suna nan, amma babu waya a jikin turakun unguwa. Ba wanda ya san ranar da wuta za ta dawo. Ni da matata da yara za mu iya zama da fitila da mafici. Inna, mahaifiyata, ita ce ba za ta iya ba. Tana da ciwon sukari, kullum sai ta yi allura, kuma ruwan allurar ba ya jure zafi.

Da farko muna binne kwalbar cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, kamar yadda kowa yake yi. Da damina ta wuce, zafi ya dawo da ƙarfinsa, yashin ya riƙa bushewa kafin azahar. Maganin kansa da ƙyar muke samu. Ɗan yayata, wanda ya gudu Masar yake aiki da masu kafa sola, shi yake aiko shi ta hannun matafiya. In kwalba ta lalace, ba mu san ranar da wata za ta iso ba.

Ni mai walda ne. Abin da na mallaka mai daraja shi ne injin waldata mai ba da wutar kansa, wanda na ɓoye a gidan surukaina har ya tsira. Na yi tunanin in riƙa tayar da shi don ƙaramin firjinmu, amma mai ya yi tsada, kuma inji ba ya aiki dare da rana. Hanya ɗaya ta rage: in sayar da shi, in sayi farantan sola da batir.

Yayata ta zo daga unguwar Soba, can ƙetaren kogi, don ta hana ni. Ta zauna bakin gadon igiya ba ta ko cire mayafi ba.

"Ka sayar da abincin 'ya'yanka ka sayi rana?" in ji ta. "Ranar da Allah ya ba mu kyauta?"

"A sama take kyauta, Yaya. Sauko da ita ne da tsada."

"Batir ɗin fa? An ce yana mutuwa."

"Yana mutuwa."

"To in ya mutu me za ka sayar? Ƙofar gida?"

Gaskiya ta faɗa. Gari ya lalace, kowa yana neman mai gyara ƙofa da taga, lokacin da mai inji zai ci abinci ke nan. In wuta ta dawo bayan wata biyu, na yi asarar sana'ata a banza. In ba ta dawo ba, kuma ban saya ba, zan zauna da inji ina kallon Inna tana ramewa. Matata ba ta shiga gardamar ba. Da yayata ta tafi ne matar tawa ta ce da ni, "Inji ana sake saye." Ban tambaye ta sauran ba.

Wani tsohon abokin sana'a, wanda duk muke kira Usta, shi ya sayi injin. Na roƙe shi ya bar mini shi in yi aiki na ƙarshe, wato ƙarfen da farantan za su zauna a kai bisa rumfar tsakar gida. Ban kira masu kafawa ba, na ce ladansu ya fi amfani a cikin tukunya. Ɗan yayata ya aiko mini da saƙon murya, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda yaranmu suke magana yanzu. Ya bayyana yadda zan haɗa wayoyi, sannan ya ce, "Abu mafi muhimmanci, Kawu, ka kafa su gibli. Gibli, ka ji ko?"

Na ji. Kakanmu ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa zai je Makka, ya tsaya a nan bai ƙarasa ba sai da ya tsufa. A gidanmu duk wani kwatance daga alƙibla yake farawa: yadda ake ajiye gado, yadda ake kwantar da rago, inda ba a fuskantar da bayan gida. Da na ji gibli, ma'ana ɗaya ta zo mini. Har daɗi na ji. Na tsaya inda Inna take shimfiɗa dardumarta, na miƙa hannu tsakanin gabas da arewa, na ja layi. Na ɗaga bayan ƙarfen sosai don ƙura ta riƙa zamewa, na liƙe shi da walda mai kauri, irin wadda ba a yi don a kwance ba. Washegari Usta ya aiko keken jaki ya ɗauke injin.

Da safe komai lafiya. Firji yana gunjinsa a hankali, Inna tana taɓa ƙofarsa tana sa albarka. Amma daga azahar sai ƙarfin wutar ya fara sauka, kafin asuba firjin ya yi shiru. Na zargi batir. Na zargi mai shagon da ya sayar mini. Na hau na goge farantan har suna ƙyalli. Na cire fanka, na hana kowa cajin waya, na yi wa matata faɗa a kan buɗe firji, alhali sau ɗaya take buɗewa. Ta ce in kira ɗan yayata in tambaye shi. Na ƙi. Ni na koya masa riƙe sufana, ban so ya ji cewa kawunsa ya kasa kafa faranti ba. Wannan ƙin nawa ne, ba na kowa ba.

Sai Inna ta fara yawan ƙishirwa. Tana tashi da ƙyar, tana salla a zaune. Wata maƙwabciyarmu da ta taɓa aikin jinya ta ɗaga kwalbar a haske, ta juya ta, ta ce ruwan ya canja, kada a sake amfani da shi. Kwalba ɗaya ce ta rage da ba a buɗe ba, ita ma cikin firjin take kwana tana ɗumi.

Ranar na kira ɗan yayata bayan la'asar, ta waya mai hoto. Ya ce in nuna masa farantan. Na ɗaga wayar. Rana tana can bayansu, fuskarsu cikin inuwar kansu.

"Kawu, ina suke kallo haka?"

"Gibli. Yadda ka ce."

"Wannan ai arewa suka karkata!"

"Alƙibla ce. Ko can Masar an canja muku ita?"

Ya dafe kai. "La ilaha illallah. Kawu, a nan gibli kudu ne. Mutanen nan Makka tana kudu-kudu da su, shi ya sa suke kiran kudu haka. A wannan lokacin rana ta kudu take bi."

"Da harshen uwarka babu kalmar kudu?"

"Wallahi bakina ne ya saba da tasu."

"Ka tafi jiya jiya, har bakinka ya zama na Misirawa."

Ya fara ba ni haƙuri, yana tambayar jikin kakarsa. Sai kunya ta kama ni, domin shi kalma ɗaya ya kuskure, ni kuwa na zauna kan kuskuren ina kallon magani yana lalacewa. Inna tana kwance tana jin mu. Ta miƙo hannu na ba ta wayar.

"Kai, maigidana na Masar, bar kuka," ta ce da jikan nata. "Ni na ga sun kalli gabas na ce ko salla suke bi da mu. Ashe ko alwala ba su da ita." Ta juyo gare ni. "Juya su, ɗan nan. Kowa da inda aka ce ya fuskanta."

Juya su yana bukatar yanka ƙarfe da sake walda, ni kuwa ba ni da inji. Da sassafe na tafi wurin Usta. Ban taɓa yin tafiya mai nauyin wannan ba. Na gaya masa komai a tsaye. Ya yi dariya har ya riƙe ƙofa.

"Malam, farantai ka kai aikin hajji?" Sai ya ga fuskata, ya daina. "Yaya jikin Hajja?"

"Da sauƙi kaɗan."

Da kansa ya ɗora injin a keken jaki, ya biyo ni, bai karɓi ko kuɗin mai ba. Na yanke waldar da na yi alfahari da kaurinta. Muka juya ƙarfen kudu, muka kwantar da shi yadda yaron ya nuna. Washegari da na tashi sallar asuba, na tsaya a bakin ƙofa na saurara. Firjin yana gunji. Na buɗe na taɓa kwalbar, sanyi ya kama yatsuna.

Kwalbar nan ta riƙe Inna har wata ta iso. Ta tashi, ko da yake ƙarfinta na da bai dawo duka ba, kuma ban san ko nawa ne daga cikin wannan rashin yake wuyana ba. Ina roƙon Allah a kansa.

Yanzu a shagon Usta nake aiki, da injin da yake nawa a da, ana biyana da yamma. Wuta ba ta dawo unguwarmu ba tukuna. Batir ya fara gajiya, kuma duk zuwan yayata sai ta dube shi ta dube ni. Har yau ban san abin da zan sayar ba. In wani ya tambaye ni ko sola tana da riba, nakan ce ya fara duba abin da zai ajiye a cikin firjin.

Da la'asar Inna takan shimfiɗa dardumarta a ƙarƙashin rumfa, ta fuskanci alƙibla. Farantan suna bisa kanta sun juya wani wajen, inuwarsu tana sauka a kafaɗarta.