Ranar da Koren Dutse Ya Zaunar da Ni

Shekarun baya can, lokacin da arzikin fetur ya mayar da birnin Sabha kamar shantiye guda, ko'ina gini ake yi, ina cikin samarin Nijar da suka cika unguwar Gurda suna kwaɓa siminti. Matsalata ɗaya, ba ni da zama. In na ɗan jima a aiki sai ƙafafuna su fara ƙaiƙayi. Na yi gini, na yi ban-ruwa a gonar dabino, na yi dako a kasuwar Jadid, ko'ina sai in ji kamar abin da nake nema yana can gaba.

Abokina direba ne, ya girme ni, mutum mai sanyin hali. Shi ya zo ya ce wani muhandis, masanin duwatsu, wanda zai tuƙa wa mota, yana neman mai ɗaukar masa guduma da buhu zuwa cikin sahara. Ko ina ne ban tambaya ba, na jefar da shebur na bi shi.

Muhandis ɗin ɗan yankin nan na Fezzan ne, kakarsa Bahaushiya, yana jin Hausa guntu-guntu. A hanya ya ce wani koren dutse yake nema, wanda mutanen zamanin da can suke haƙa suna yin tsakiyar ado da shi, ba a cika samunsa ba. Manyansa ba su san komai ba sai fetur, da kyar suka ba shi mota ɗaya. In ya koma hannu rabbana, shi ke nan.

Muka yi kwanaki muna nausawa kudu maso gabas har muka isa wasu baƙaƙen tsaunuka. Nan na nuna halina. Duk abin da ya yi kama da kore sai in kwaso a guje. Shi kuwa sai ya zaro wuƙa ya karta, ya ce, "Wuƙa ta ci, ba shi ba." Ya koya mini cewa na gaske wuƙa ba ta cinsa, yana da fararen zane siriri a ciki, in an fasa shi kuma fuskarsa sumul take fita tana ƙyalli. Ya ƙara da gargaɗi: "Kai ɓata, kai zauna. Kai ba tafi."

Da ruwanmu ya ja baya, abokina ya ce da azahar za mu juya, ko an samu ko ba a samu ba. Ni kuwa na kasa haƙuri. Na ga wani farin layi a jikin dutse ya shiga kwazazzabo, na bi shi, ya karkata, na karkata. Can sai ga shi: kore shar kamar ruwan tafki, manne cikin farin. Na karta da wuƙa, ba ta ci ba. Na buga guduma, ya ɓalle sumul. Na yi kabbara, na juya in kira su.

Babu mota. Babu ko sawuna, don kan dutse na taka. Kwazazzaban duk kamarsu ɗaya.

Jama'a, ban taɓa yin aiki mai wuya kamar zaman nan ba. Zuciyata tana cewa hau can, motar tana bayan wancan tudun. Na miƙe, na zauna. Na sake miƙewa, na yi 'yan taku, na dawo. Harshena ya bushe kamar fata. Daga ƙarshe na ɗora guntun dutsen nan mai nauyi a cinyata, na riƙe shi da hannu biyu, ina ta buga guduma a dutse jefi-jefi ko za su ji.

Rana ta yi sanyi sosai kafin in ji muryar abokina. Ya iso yana haki, ya ɗaga hannu kamar zai mare ni, sai ya miƙo mini gorar ruwa. "Sha, ɗan banza," in ji shi. "Da me zan je in gaya wa tsohuwarka?"

Muhandis bai ko dubi dutsen ba sai da ya tabbatar ina iya tsayuwa. Sannan ya durƙusa, ya karta, ya juya shi a rana, ya yi dariya har da hawaye. Muka sassaro abin da buhu zai ɗauka, ya naɗe kowane guntu daban. Na tambaye shi ko zumurrudu ne, mun yi arziki. Ya ce a'a, darajarsa a wajen masu ilimi take.

A hanyar dawowa abokina ya gaya mini cewa sun fara nema ta bayan tudun nan da zuciyata ke tura ni, suka tarar rami ne mai zurfi, gefensa na zubewa. Ba zan ce na zama mai natsuwa ba, iyalina za su ƙaryata ni. Amma har yau in na tuna 'yan takun nan da na yi na dawo, sai in ji tsikar jikina ta tashi.