Ranar da Na Wanke Wuƙar Baba

Wata Alhamis ce, makon da aka yi ruwan shuka, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Na dawo daga makaranta na tarar da maza biyu zaune a zaurenmu da zarto da gatari da igiya, suna jiran a yi musu iso. A tsakar gida kuwa Baba ne a saman bishiyar mangwaro, ya naɗe ƙafar wando, abin da ban taɓa gani ba tunda nake. Ya daɗe yana dube-dube cikin rassa, sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro wani ɗan guntun katako da bai fi tsawon yatsansa ba. Ya sa farce ya ja, na ji ƙas, sai ga wuƙa ta fito daga cikin katakon. Na saki baki. Wuƙaƙen da na sani su ne na madafar Inna, waɗanda maƙera ke yi da sifirin mota, masu ƙotar da ake ɗaurewa da tsumma idan ta tsage. Ban san akwai wuƙar da ke naɗewa ta kwanta a aljihu ba.

Mangwaron nan Kaka Hajara ce ta dasa shi, mahaifiyar Baba, wadda aka sa mini sunanta. Shi ya sa Baba bai taɓa kirana da suna ba, Uwata yake ce mini, ko da kuwa na yi laifi. Mangwaron ba shi da zare ko ɗaya, ƙwallonsa siriri, idan ya nuna ƙamshinsa har ƙofar gida. A gindinsa muke carafke da 'yar gala-gala, a nan Inna ke tsince shinkafa, a nan kuma aka shimfiɗa tabarmin zaman makokin Kaka shekara biyu kafin wannan rana. Amma saiwarsa ta tsaga katanga, gida ya cika da 'ya'ya, baffannina suka yanke shawarar a sare shi a yi ɗakuna biyu a wurin. Baba ne ƙarami a cikinsu, bai musa ba. Abu ɗaya ya roƙa, a jira shi ya ɗebi kawunan rassa tukuna. Aikinsa ke nan dama, shi ke kula da lambun wani babban ma'aikaci a GRA, kuma an san shi da iya yi wa mangwaro aure, wato a ɗauko ɗan reshen mai kyau a haɗa shi da ƙaramin dashen mai zare, su girma su zama bishiya ɗaya.

Ya sauko da rassa tara, kowanne kamar fensir, ya tsige ganyen, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu. Da ya ga na ƙi ɗauke ido daga hannunsa sai ya miƙo mini wuƙar ta ƙota, ya ce in riƙe amma kada in taɓa bakin. Ta fi nauyin da na zata. Katakon ya yi santsi saboda riƙo, akwai 'yar ƙusa ta jan ƙarfe inda take naɗewa. Amma ruwan wuƙar ya ba ni haushi. Baƙi ne ƙirin kamar gindin tukunya, da dabbare-dabbare, in ban da wani siririn layi fari a bakinta. Yayana Sani yana da wata wadda ya samo a shagon wani ɗan kudu kusa da tasha, fara tas, har yana duba haƙoransa a jikinta. Na ce wa Baba ai ta Yaya Sani ta fi kyau. Ya yi dariya, ya karɓa ya shafa ta a damtsensa, gashi ya zubo. Ya ce, "Waccan ta kallo ce, Uwata. Wannan ƙarfe ne mai jin dutse." Ban gane ba, ban kuma tambaya ba. Kafin la'asar masu zarto sun gama aikinsu, tsakar gidanmu ta yi wani irin haske marar daɗi, Baba ya shige ɗaki bai tsaya kallo ba.

To, ni a lokacin wanke-wanke ne abin alfaharina. Da toka da yashi da ɗan soson buhu, babu tukunyar da ba zan mayar sabuwa ba. Inna takan ɗaga murfi ta nuna wa maƙwabta, ni kuma kaina ya kumbura. Da yammar nan ina bakin rijiya da tulin kwanuka, Inna ta miƙo mini rigar Baba ta ce in jiƙa, ƙaron mangwaro ya ɓata ta. Na sa hannu a aljihu, na ji wuƙar. Wallahi ba wasa na yi niyyar yi da ita ba. Tausayinsa ne ya kama ni, na ce mutumin nan an sare masa bishiyar uwarsa, bari in faranta masa, gobe ya buɗe wuƙarsa ya gan ta fara, ta fi ta Yaya Sani. Na buɗe ta da ƙyar, na bi ta da toka, baƙin ya ƙi fita. Na koma yashi. Na riƙa soka ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ina zarowa, yadda muke yi wa cokula, na goga ta ciki da bai a simintin bakin rijiya har hannuna ya gaji. Ta yi fari kuwa. Na ɗauraye, na naɗe ta da ruwanta, na kai na ajiye a kan tagar ɗakinsa, na kwana ina jin daɗin kaina.

Washegari Juma'a, ana idar da sallar asuba ya ɗauke ni a keke zuwa gonarsa ta Miri, ina rungume da buhun rassan. Ya roƙa mini Inna in bar makaranta ranar, wai mai sunan mai bishiya ya kamata ta riƙe masa leda. Muka bi ta gefen duwatsu, manoma na ta fita da fartanya, ƙasa na ƙamshin ruwa. A bakin gonar ya raini dashe tara na mai zare tun bara, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Sauri yake, domin aikin na sanyin safiya ne, kuma reshen da aka yanke ba ya jira. Ya tsuguna gaban na farko, ya yi bisimilla, ya ciro wuƙar. Ta ƙi buɗewa. Sai da ya sa ƙarfi, ta fito da wata ƙara, jikinta duk ɗigon jar tsatsa a kan farin da na sha wahala na fitar. Ya juya ta, ya shafa bakin da babban yatsa, ya kai ta damtsensa. Ko gashi ɗaya ba ta ɗauka ba. Ya gwada a kan wani ƙirare, ta tauna ɓawon ta bar shi a yage. Ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi, ina jiran yabo.

Na ce, "Ni na wanke maka, Baba."

Bai dake ni ba, bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya daɗe yana kallon buhun nan. Can ya ce, "Uwata, kin yi mini aiki." Dutsen washinsa yana can GRA a kulle, domin tun Laraba ya gama wasa ta, bai ga dalilin ɗauko shi ba. Ya aika wani gida aka aro masa reza, ya gwada a ƙirare, ta riƙa lanƙwashewa, yankan ya fita a karkace. Sai ya gangara rafi ya zaɓo wani dutse mai laushin fuska, ya zauna a inuwa, ya ce in riƙa ɗiga masa ruwa daga buta. Nan muka zauna rana tana hawa. Yana wasawa yana magana, ba da faɗa ba, kamar da wuƙar yake. Baƙin nan da na kankare, ya ce, ruwan itatuwan da ta yanka ne shekara da shekaru ya rina ta, shi ke tare mata tsatsa. Irin ƙarfen nan ba ya son ruwa, amma idan ya samu dutse yana yin kaifin da farin ƙarfe ba ya yi. Yankan aure kuwa sau ɗaya ake ja, ya fita sumul, ɓawo ya haɗu da ɓawo. Idan wuƙa ta tauna, ba ya kamawa. Ina ɗiga ruwa ina ɗiga hawaye, kowane ɗan lokaci in tashi in ƙara jiƙa buhun.

Sai da aka kira sallar Juma'a kaifin wuƙar ya dawo. Ya ƙarasa shi a bayan takalminsa na fata, ya bar ni a gidan da aka aro reza ya tafi masallaci. Bayan la'asar muka yi aikin da ya kamata a gama tun hantsi. Da ya warware buhun na ga rassan sun fara yaushi, ɓawon wasu ya tattare. Ya tsaga kan kowane dashe, ya fiƙe gindin reshe ta gefe biyu, ya cusa, na miƙa masa zaren leda ya naɗe tamau, ya kifa wata 'yar leda a kai. Tara cif muka yi. A hanyar komawa ban rungume komai ba.

Mako uku ake jira. A makaranta malam na koyar da rabawa, ni hankalina yana Miri. Na daina shiga gaɗa, tukwanen Inna ma sama-sama nake wanke su, har ta tambaya ko ba ni da lafiya. Baba bai gaya wa kowa abin da na yi ba, ko ita. A tsakar gida an tone kututturen, magina sun fara jera bulo, babu sauran inda za a koma a ɗebo wani reshe. Da mako ukun ya cika, ya ce in hau keke mu je. Ya bi dashen ɗaya bayan ɗaya yana cire leda. Na farko ya bushe ya yi baƙi. Na biyu haka, na uku haka. Na daina ƙirgawa na juya baya. Sai na ji ya ce, "Zo ki gaida Kaka." A kan na bakwai wasu 'yan ganyaye biyu ne jajaye, ba su kai farcena ba. Shi kaɗai ya kama. Ya buɗe wuƙar zai sassauta ɗaurin, na ga har ta fara komawa baƙa, ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamarta ba.

Yau gari ya kusa cinye gonar nan, gidajen bulo sun kewaye ta, babura na wucewa ta inda muka ɗiga ruwa a dutse. Bishiyar tana nan, mutum biyu ne ke iya zagaye ta da hannu, kuma duk shekara ana kawo mini buhu guda har gidana a Yelwa. Baba ya rasu, wuƙar ta dawo hannuna, ruwanta ya sirance don wasawa. Masu lambu yanzu da farar wuƙa suke aiki, in ta dakushe su jefar su sayi wata, 'ya'yana ma sun kawo mini irinta har biyu. Kwanan baya jikata ta buɗe akwatina ta ga wuƙar Baba, ta yatsina fuska, ta ce, "Hajiya, wannan ai ta yi datti, kawo in wanke miki." Na karɓe ta da sauri har yarinyar ta tsorata. Sai na zaunar da ita, na yanka mata mangwaron da wuƙar, na goge ruwan a gefen zanena na naɗe. Har yau ban iya shansa ba tare da na tuna takwas ɗin nan ba.