Motar Sanyin Kawu

Ina shekara ta biyu a karatu a Riyad Kawu ya ce in raka shi banki. Ƙanin mahaifiyata ne, ya tsufa yana sayar da tumatir da albasa a kasuwar Aziziya. Larabcinsa na ciniki ne, nawa na littafi, shi ya sa ya ɗauka in na buɗe baki za a saurare mu. Rance yake so ya sayi motar sanyi, irin mai firjin ɗaukar kayan gwari, da sunansa, ya bar wa 'ya'yansa abin da za su ce na ubansu ne.

Ni kuwa akwai bin diddigi. Tun a hanya na ishe shi da tambaya: me ya sa rumfar da yake buɗewa kullum ba tasa ba ce?

"Baƙo ba ya mallakar rumfa, ɗana," in ji shi. "Komai da sunan kafili yake." Yana nufin Balaraben da ya tsaya masa a takardar zama.

Ba mu gama sallama ba mai gadin bankin ya nuna mana wata ƙofa a gefe, inda leburori ke layin aika kuɗi gida. Abin ya fi ba ni mamaki a kan haushi. Kawu ya sha farar jallabiya da turare, ta ina mutumin ya san abin da ya kawo mu? Na tsaya ina kallo. Wani Bature ya zo da gajeren wando, baƙo kamar mu, ba wanda ya nuna masa ko'ina.

Da ƙyar muka kai ga ma'aikaci. Bai wulaƙanta mu ba. Ya juya katin zaman Kawu, ya ga an rubuta lebura, ya tambayi albashin da ke shiga asusunsa. Babu. Cinikin rumfa ta asusun kafili yake bi.

"Ya hajji, a wurinmu ba ka da sana'a," in ji shi.

Na zuba masa Larabcin littafi, na tambayi yadda mutum zai yi. Ya yi murmushi ya ce kamar mai huɗuba nake magana. Iyakar abin da karatuna ya samo wa Kawu ke nan, kuma har muka isa gida yana kirana Liman.

Daga baya ya shiga adashi da 'yan kasuwa, mutanen Kano da Maraɗi, har ya sayi motar. Aka yi mata rajista da sunan kafili, dattijo mai amana wanda bai taɓa neman mukullinta ba.

Gab da gama karatuna dattijon ya rasu, motar ta shiga rabon gado. Na tarar da Kawu yana wanke ta har tayoyi zai kai wa magada. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kawu, ba su san taka ba ce?"

"Sun sani. Babban ɗan har godiya ya yi mini. Ya ce in ci gaba da tuƙa ta, za su riƙa saka mini albashi a asusu duk wata."

Ya matse tsumman, ya shanya a jikin madubi.

"Ka ga yanzu bankin zai san da ni, Liman."