Hoton ƙirjin da maigida ya taho da shi daga Kano

Shekarar da maigidana ya dawo daga cin rani da tari, ba tsarabar atamfa ya fara fito da ita ba. Wani ƙaton ambulan ya zaro daga jakarsa, ya ɗaga baƙin hoton da ke ciki wajen rana a tsakar gida, ya ce, "Duba nan. An ɗauki hoton ƙirjina a Kano, sun ce fes yake." Yana faɗa yana haki kamar wanda ya ɗauko buhu daga tasha.

Kwana goma ke nan da ɗaukar hoton. Ruwan shuka ya sauka daren jiya, shi kuwa hankalinsa na gonarmu ta Kurni. Har ya jingine sungumi a bakin ƙofa.

Na ce, "Malam, sallama ma ba ka iya gama ta da numfashi ɗaya, kai ne za ka yi shuka?" Ya sake kaɗa mini hoton. Wallahi raina ya ɓaci. Na ɗauke sungumin na kai gidan maƙwabta, na tsayar da kabu-kabu, na ce ko ya hau ko in tara masa unguwa. Ya hau yana mita.

A asibiti muka tarar da wata likita, yarinya ce ƙarama, sa'ar 'yarmu ta fari. Tun ba ta tambaya ba ya miƙa mata hoton. Ta duba shi da ladabi, ta ajiye a gefe. Sai ta zuba wa ƙirjinsa ido tana ƙirga numfashi, ta saurari bayansa, ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa mai auna iskar da ke cikin jini.

Ta ce, "Baba, hoton nan bai yi ƙarya ba, amma na ranar da aka ɗauke shi ne. Ciwon huhu irin na ƙwayar birus yakan fara hoto bai nuna komai ba. Ko ya nuna, shi kaɗai ba ya gaya mana wace ƙwaya ce. Jikinka ya fi hoton sabon labari, kuma yau ba za ka koma gida ba."

Ya ce, "'Yata, gonata fa?"

Ta ce, "Gona tana nan, Baba. Ka kwanta."

Aka sa masa iska ta hanci. Kashegari aka sake ɗaukar hoto, sai ga huhun duka biyu sun yi fari-fari kamar an watsa auduga. A ranar na ji tsoro na gaske, don da na biye wa hoton farko da a kunyar gona zai faɗi, ba kowa kusa.

Kwana tara ya yi a gado. Ƙannensa da maƙwabtan gona suka yi mana shukar, Allah ya saka musu. Likitar nan kuwa har yau ba na gama salla ban sa ta a addu'a ba.

Hotunan biyu suna nan ƙarƙashin katifa cikin ambulan ɗaya. In gardamarsa ta motsa, na biyun nake zaro masa, sai ya yi dariya ya ce in mayar.

Geron da aka shuka yana kwance, da kaka shi ya yanke shi da hannunsa. Ina tsaye a bakin gona ina jin numfashinsa, babu sauran haki.