Ragowar Allura

Ina tafasa allurai a gidan likita na Damagaram da hantsi, sai wani gardi da ya sauko daga Tanut bisa raƙumi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wane ne Isufu? Abdu Mai Allura ya riga mu gidan gaskiya." Sanƙarau ne ya kama shi a Tarka, inda ya tafi zagayen marasa lafiya, bai ko iso gida ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsaye ruwan tukunyar ya ƙone ƙaf ban sani ba.

Tare muka koyi aikin nan da Abdu a hannun wani lokotoro, wato babban likita, Bafaranshe, tun mutane na gudunmu kamar masu karɓar haraji. Shi ɗan Falanko ne a ƙasar Damargu, ni ɗan birni. Ni mai saurin hawa ne, shi kuwa kafin ya gama jimla ɗaya ka sha fura ka wanke ƙwarya. Nakan tsokane shi in ce gero ne ya yi wa mutanen Damargu yawa, shi ya sa harshensu ya yi nauyi. Sai ya yi murmushi ya ce, "Mu muke ciyar da ku, ku yi ta surutu." Da aka tura shi Tanut, babban garin Damargu, ya koyi abin da zai ce wa Buzu da Bafilatani kada su ji tsoro, kowa da harshensa. In yaro ya ga allura ya fara kuka, Abdu yakan naɗe hannun rigarsa ya nuna masa tabon tasa. Ban taɓa jin ya tambayi mai tunjere inda ya samo shi ba.

Tunjere shi ne babban aikinsa. A Damargu ciwon ba na manya kaɗai ba ne, har yaran da ke shan ruwa da moda ɗaya suna kwasa. Nasara suka kawo wani gari rawaya cikin ƴan kwalabe, a narka shi da tafasasshen ruwa a ɗura a jijiya. Mutum ya zo da gyambo a baki ko a ƙauri, kafin wata ya bushe. Sai dai allurar jeri ce, mako bayan mako, ana ci gaba da ita har bayan gyambon ya ɓace. A nan Abdu ya yi karo da tarbiyyar mutanensa. A ƙasar nan ɗan mutunci ba ya suɗe kwano, yakan ci ya bar ragowa don na baya. Haka suka ɗauki allura. Manomi daga Olelewa ya ga fatarsa ta yi kyau, ranar kasuwa sai ga ƙanensa a madadinsa yana cewa, "Likita, yaya ya ce shi ya ƙoshi, a ba ni ragowarshi." Ƙanen ma ga gyambo a leɓe. Abdu ba ya iya korar mara lafiya, sai ya yi masa, ya aika wa yayan ya dawo. Yayan kuwa kunya yake ji ya dawo ya ci rabon wani.

"Gyambon ne ya bushe," haka yake ce musu, "ciwon yana ciki ya yi lamo." Ya faɗa a kasuwa, ya faɗa a ƙofar masallaci, ya roƙi masu gari su faɗa. Su saurare shi da ladabi, su sa masa albarka, ruwan farko ya sauka kowa ya kama hanyar gona.

A ranin da ya wuce ya zo Damagaram ɗaukar magani, na ga ya rame. Muna zaune a inuwa ya ce, "Isufu, waɗanda suka bar ragowa sun fara dawowa, kuma allurar ba ta jin su. Kwalba ɗaya, sabon zuwa ya warke, tsohon zuwa ko gezau. Rabin allura ba ta kashe ciwon nan, koya mishi take yi. In ya dawo, ya dawo ya san mu." Muka kai wa lokotoro maganar. Ya ce ya ji irin haka daga wasu wurare, kuma ba shi da wani abin da zai ba mu. Sai a hanyar rakiya Abdu ya gaya mini cewa cikin waɗanda suka dawo har da Habsu, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ma ta bar wa wata maƙwabciya ragowarta. Yanzu ciwon ya ci mata ganda, muryarta ta hanci take fita. Ya sake fara mata jerin daga farko, ya rantsar da ita ba za ta tsallake ko mako ɗaya ba. "In ta kai ƙarshe wataƙila," ya ce. Ban taɓa jin wataƙila a bakinsa ba sai ranar.

Ni aka turo Tanut a gurbinsa. Na iso ana sadakar arba'in. Bayan an shafa fatiha Habsu ta same ni a zaure, ta rufe rabin fuskarta da mayafi, tana riƙe da hannun wata yarinya mai gyambo a kusurwar baki.

"Malam Isufu, sannu da hanya. Ni ba ni da gero ba ni da akuya da zan yi ma yaya sadaka. Alluran da suka rage mini, a yi ma ɗiyar nan, Allah ya kai ladan kabarinshi."

Na ce, "Habsu, akwai ta yarinya daban. Taki taki ce. Barin ragowa ne ya hana ki warkewa tun farko."

Ta ce, "Na riga na yi niyya, Malam. Ba a maido sadaka."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa ta da limamin unguwa. Yarinyar tana zuwa, gyambonta ya soma bushewa, uwarta har ta fara tambayata ko akwai wanda za su bar wa saura. Habsu ba ta sake tako gidan likita ba. Ina jin takaici da ban san inda zan kai shi ba, domin ko ta dawo yau ban tabbata abin da ke cikin kwalbar zai yi mata wani abu ba.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Abdu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa wahalar da ya sha a kan bayinka ta zama haske gare shi. Ka ba matarsa haƙuri, ka raya ƴaƴansa bisa imani. Ka karɓi sadakar Habsu yadda ta yi niyya. Ita kuma, ya Ubangiji, ka warkar da ita da kanka, don abin da ke hannunmu ya daina jin ta. Amin.