Askin da Ya Tsaya a Rabi

Baba Mai Aski bai taɓa riƙe mashin ɗin aski ba. Aska da sabulu da ruwan ɗumi, su ne kayan aikinsa tun yana saurayi, a ɗan shagon da ke manne da gidansa. Matarsa ta rasu, 'ya'ya suka watse. Masu zuwa aski ma suka yi ta raguwa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu jikoki sun ja su shagon zamani. Aka bar shi da Auta, 'yarsa ta ƙarshe.

Sanyin bara mura ta kayar da shi har ta sauka ƙirji, sai da aka kwantar da shi a asibiti. Shi ya sa da na bana ya kama, Auta ta kai shi aka yi masa allurar rigakafin mura, ta kuma kulle shagon.

"Baba, likita ya ce ko da allurar, ka nisanci mai tari. Kai kuwa wuni kake hancinka a hancin mutane."

"To me zan yi da hannun nan?"

"Ka riƙa wanke shi," in ji ta.

Ya koma ɗakin baya. Idan ta tafi aiki sai ya wasa askar, ya goge, ya mayar. Yana jin muryoyi a titi, ya san mai kowace, amma ba mai tsayawa. Mutum ɗaya ya rage masa, Tsohon Direba, wanda kansa bai san hannun kowa ba sai na Baba. Baba ya san ranar da wannan ya daina zuwa, sana'a ta ƙare.

Wata rana da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofar baya. Direba ne.

"Fursuna! Mai gadin taka ta fita?"

"Shigo, da kanka kamar tsohuwar tsintsiya."

Baba ya ɗora ruwa cike da murna. Daga ƙeya yake farawa, kamar kullum, suna ta zagin ƙuruciyar juna. Da ya zo gaba, ya ɗora tafinsa a goshin Direba don ya kwantar da kan. Hannun ya tsaya. Goshin zafi rau.

"Tun yaushe?"

"Rana ce ta doke ni a hanya."

Sai tarin da Direba yake ta haɗiyewa ya ƙwace. Baba ya ja da baya. Ya tuna gadon asibiti, da Auta tana gyangyaɗi a kujera da kayan aiki a jikinta. Ya ninke askar.

"Tashi ka tafi asibiti."

"Da rabin kai? So kake a ce na haukace?"

"Sa hularka. In ka warke ka dawo in ƙarasa."

Direba ya sa hularsa. "Yau ni ka kora," ya ce, ya fita ba sallama.

Baba ya buɗe taga, ya wanke hannu har gwiwa. Da Auta ta dawo ya faɗa mata, ta kira babban ɗan Direba. An kwantar da Direba a asibiti, ya kuma warke. Amma ɗan ya ce zaman kaɗaici ya isa haka, ya tafi da shi garin da yake aiki.

Sanyi ya wuce, Baba ko atishawa bai yi ba. Ya buɗe shago ya share, yana zama a bakin ƙofa har inuwa ta juya. Can wata rana wayar Auta ta yi ƙara, ta miƙo masa.

"Mugu," in ji Direba, "mashin suka sa mini. Kamar ana niƙa a kaina."

"Ya yi kyau?"

"Ina fa."

"Bar gashin ya tohu. Ina nan."

Baba yana jin muryoyin jikokin Direba ta cikin wayar.

"Hanyar da nisa, Mai Aski," in ji Direba.