Saɓar Guduma

Orval Kettunen mai gyaran famfo ne a Duluth, wani gari mai tsananin sanyi a Amurka, har gwiwarsa ta ce ta gaji. Bai yi aure ba, kuma ba shi da yawan magana. Da ya bar aiki sai ya girka tankin gilashi na ruwan gishiri a falonsa, ya saka jatan-lande guda, ɗan ƙwaron teku, irin mai naushin nan da ke fasa ƙoƙon katantanwa da bugu ɗaya. Kore da ja, idanu a kan 'yan tsinkaye suna juyawa. Ya sa masa suna Guduma. Da safe zai zauna da kofinsa na gahawa, Guduma ya leƙo daga ramin dutsensa, su yi ta kallon juna. Hirarsu ke nan, ta kuma ishe shi.

Duk duniya ƙanwarsa Darlene ce kaɗai ta rage masa. Da za a yi masa aikin gwiwa, ita ya bar wa gidan.

"Katantanwa ɗaya za ki jefa masa. Kada ki sa hannu."

"Ni da ƙwaron nan naka? Allah ya kiyaye, Yaya. Wasu na kiwon kare, kai kana kiwon abincin dare."

Ranar da aka sallamo shi, ya dogaro sanda ya shigo falo. Tankin na ƙyalli. Babu dutse, babu yashi, sai wani jan kifi yana yawo.

"Ya mutu, Yaya," in ji Darlene a hankali. "Na tarar da shi kwance, ba nauyi, cikinsa fanko. Na ce ba za ka dawo da ciwo ka ga wannan ba. Na kwashe komai na wanke. Ga wannan na sayo maka, ai ya fi kyan gani."

"Fanko?"

"Kamar leda."

"Ina duwatsun?"

"Suna waje, can baya."

Orval ya san saɓa ce ta gani. Dabbar nan in za ta girma sai ta tuɓe tsohon ɓawonta, ta shige rami ta toshe ƙofa, jikinta laushi kamar ƙullu. Ya ja ƙafa ya fita cikin ƙanƙara, ya ɗauko guduma ta gaske ya fasa dutsen mai ramin. Guduma na ciki a naɗe, sabon ɓawonsa bai ko yi ƙwari ba, ya daskare.

Ya kawo shi a tafin hannu ya ajiye mata a kan tebur.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "To ai ba ka gaya mini ba. Kai me ka taɓa gaya wa mutum?"

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ta fi zafi.

"Ba ni makullina, Darlene."

"A kan ƙwaro?"

Ya miƙa hannu. Ta cire ta jefa masa, ta ɗauki jakarta.

Har yau unguwarsu ɗaya. In sun haɗu a kanti, ita takan tsaya. Shi yakan yi ta karanta rubutun bayan gwangwani har ta wuce.